Jarkoki Shida

Shekarar da famfon Garin Malam ya koyi rowa,
sai tsakar dare yake tari, ya tofo ruwa kaɗan ya yi shiru,
ni da ƙanena Mutari a layi muke kwana,
da jarkoki shida ruwan ɗorawa
da kura mai ɗingishi a tayar hagu.

Inna ta hau motar Agadas tun kaka.
Ta ce Aljeriya, wata uku, in Allah ya yarda.
Ukun suka haifi bakwai.
Baba na zaure da jar fata a cinya,
yana ta rufe masa ido,
basilla ta fi sanin yatsansa da fatar akuya.
Alabe guda a mako, in an dace,
shi ma 'yan Kasuwar Dole su taya kamar suna zagi.

Mutari shekararsa tara, kuma ba ya kuka.
Wannan ya fi ba ni tsoro.
Ranar da motar ta tashi ya haɗiye harshensa,
a lakwal aka ce ko kurma ne.
Ni na san ba kurma ba ne,
kunnensa kullum na bakin hanya.

Wani dare, ni ina gyangyaɗi,
duwatsun Birni sun yi zugum kamar raƙuma a guiwa,
na ji kwas.
Na ji kwas, dum.
Yaron ne, da tafin hannu da guntun kara,
yana tambayar jarkoki sunayensu.

Wadda ba komai cikinta, bakinta ya fi na kowa.
Mai rabi tana magana ta hanci.
Cikakkiya ba ta son surutu,
kalma ɗaya take yi, daga ƙirji, irin ta Baba.
Akwai wata da ta tsage muka liƙe da narkakkiyar leda,
muryarta na rawa a ƙarshe,
ita yake bari sai can, ya taɓa ta a hankali.
Ban tambaye shi ko wace ce ba.

Gwaggo Falmata ta ce, kai ɗan nan, mutane na barci!
Wane barci, Gwaggo, a kan bokiti?
Kwana uku bayan haka, da ya yi shiru,
ita ce ta zungure shi da ƙafa:
to, makaɗi, yau hannun ciwo yake?

Ba zan ce kiɗan ya kawo ruwa ba.
Jarka na nan dala ashirin wurin 'yan garuwa,
tuwo na nan sau ɗaya.
Amma an ce da ruwan ciki ake jan na rijiya,
kuma na ga inda yaron ke ɗebo nasa.
Ya fara cinye rabonsa.
Ya fara tura kura da gudu a gangaren masallaci,
tayar hagu na ba shi amshi.

Ran wata Talata Sanusi mai shago ya kwaɗa kira:
Barira, ga uwarku a waya, minti biyu ne, ku yi sauri!
Muryarta ta zo siririya, da iska a ciki.
Ta ce ina autana? Ba shi in ji.
Na kara masa. Ya dube ni. Leɓensa ya motsa, ba sauti.
Sai ya ajiye wayar a ƙasa,
ya jawo tsagaggiyar jarkar nan tsakanin ƙafafunsa.

Ya kaɗa.
Sanusi ya bar awon sukari.
Ya kaɗa har jijiyar wuyansa ta miƙe,
ban san lokacin da kuɗin suka ƙare ba,
na duba dai na ga fuskar wayar ta yi baƙi.

Ya ɗago, muryarsa duk tsatsa, ya ce:
Yaya, ta ji?

Na ce ta ji.
Har yau ban sani ba.
Muka ɗora jarkoki a kura, don layi ba ya jiran kowa,
yana gaba yana fito.